Dalma

Tun da harsashi ya sami gida a gwiwata
aka sallame ni daga bariki,
aka ba ni wannan ƙarfen in riƙa juyawa
a ɗakin ɗab'in Gwamna, bayan Marina,
inda iskar teku ke cin ƙusa kamar gara.

Olaniyan ne ke jera haruffa.
Yana tsintarsu ɗaya-ɗaya
kamar kaza a gindin turmi.
Ban san boko ba, amma na lura:
a kan dalma, rubutun daga dama yake tasowa
irin namu na allo.
Sai an danne shi da takarda
yake juya mana baya.

Gazet suke ce mata.
Ba ta sallama, ba ta tambayar gajiya.
Ta ce an hana ɗaure akuya a bakin titi.
Ta ce jirgi ya iso daga Saliyo da gishiri da sabon alƙali.
Ta ce filin gabas da masallaci
daga yau na Sarauniya ne,
wadda ko sauron Ikko bai taɓa cizonta ba.

Ran Laraba Olaniyan ya tsaya cak.
"Jatau, wannan ba abokinka ba ne?"
Ya aza yatsana a kan wani layi, gajere kamar tsinken sakace,
tsakanin gwanjon tsofaffin kwale-kwale da farashin manja.
Mantau. Lamba ɗari biyu da sha ɗaya. Zazzaɓi.
Ba a ce yana tsoron ruwa ba,
ba a faɗi sule biyun da yake bina ba.
Sunan ma sun cinye masa wasali guda.

Na juya ƙarfen sau ɗari uku.
Sau ɗari uku Mantau ya mutu a hannuna,
yana fitowa da danshi, ana shanya shi a igiya.

Da la'asar aka wanke dalmar da ruwan toka,
aka watsa haruffan, kowa ya koma gidansa.
Gobe za su taru su zama dokar haraji.

Bayan mako biyu na sayi ƙosai a Ebute Ero,
aka naɗe mini a takarda.
Mai ya ratsa ta har ana ganin bayanta.
Na ɗaga ta wajen aci-bal-bal,
na gane layin da gajartarsa,
ga rubutun ya dawo daga dama.

Na yi masa Fatiha a tsaye.
Ƙosan ya huce.