Matakalar Kakana

A Krui, kafin rana ta keto ganye,
nakan ɗaura igiya a ƙugu in rungumi bishiyar damar
kamar mai tarbar ɗan'uwan da ya daɗe a teku.
Ramukan da muka sassaƙa a jikinta su ne matakala.
Na can ƙasa aikin kakana Sahlan ne,
ya yi baƙi, ya zurma, har gizo-gizo ya kafa shago a ciki.
Na tsakiya na mahaifiyata ne.
Na sama, inda gwiwa ke rawa kafin ta kai, nawa ne.

Ƙaro ba ya son gaggawa.
Yakan tsattsafo, ya taru, ya daskare garau,
shi ya sa muke ce masa idon kyanwa.
In ka ƙwaƙule shi ɗanye
Zulkifar mai sikeli zai taɓe baki, ya rage maka farashi.

Baƙi sukan ɗaga kai su ce, wannan kurmi shukar Allah ne.
Haka ne. Amma kakana ne ya riƙe fartanya.
Shinkafar tudu ya fara, sai kofi,
sai masoro yana bin sanda,
a tsakaninsu ya dasa 'yan tsirai da ba su kai ƙwauri ba.
Aka ce masa sai shekara ashirin za su yi hawaye.
Ya ce, da ma wa ya ce kaina nake yi wa?
Rami ɗaya ya sassaƙa, ya kwanta dama.

Mutanen kamfani sun zo da taswira da ambulan,
suna son kwakwar manja layi-layi kamar sojoji a fareti,
inda ko tsuntsu sai ya nemi izini.
Ƙanena Darmizi babur yake so, ja.
Muka yi cacar baki har damina ta wuce bai ci tuwon gidana ba.
Ban sa hannu ba.

Amma kada ku ɗauke ni waliyyiya.

Daren da naƙuda ta gardama wa 'yata Yusnita,
asibiti na bayan tudu, likita ya ce sai wuƙa,
ya faɗi kuɗin da ban taɓa riƙewa ba,
ni da ƙafata na je ƙofar mai injin zarto.
Ni na nuna masa wadda zai kayar.
Mai kauri na zaɓa, don ta fi katako.
Da ta faɗi ƙasa ta amsa har cikin haƙorana.
Biran da ke kiran asuba
kwana uku ba wanda ya ji bakinsu.
Motar katako ta wuce ta gabana, na duƙa ina gyara ɗaurin zane
wanda bai kwance ba.

Jaririyar ta rayu. Uwar ma.

Kututturen na nan, naman kaza ya yi masa rawani.
Tsirai bakwai na dasa a kewayensa,
aladun daji suka tone huɗu a dare ɗaya,
ɗaya kuma inuwa ta cinye.
Biyu sun wuce kaina yanzu, sirara, masu taurin kai.

Meilisa ta shekara takwas.
Takan biyo ni da ƙoƙon kwakwa,
tana tsintar ɓarɓashin ƙaron da ya kuɓuce mini daga sama,
da shi take sayen fensir da alewa, ba ta roƙon kowa.
Jiya ta dafa ɗaya daga cikin biyun,
ta ce, Kaka, wannan yaushe za ta yi kuka?
Na lissafa a yatsu, na ga ba ni a cikin lissafin.
Na ce, miƙo igiyar nan,
zo ki ga yadda ake ɗaurin da ba ya zamewa.