Kalmar da Rikoda Ta Cinye

Daren Laraba, an idar da lisha,
shagon Lawandi mai gyaran rediyo, bayan tasha,
Tudun Wada ta fara rage hayaniya.
Benci biyu, tabarma, fitilar caji.
Mu tara ne, in an ƙirga da mai shayi
da ke miƙo wuya yana fifita wuta.

Don Mantau mai gurmi muke taruwa.
Shekara ashirin da ɗaya yana kwance a ƙasa,
sunansa kaɗai ya yi mana ƙarya,
har yau ba wanda ya manta.

Kaset guda ya rage, farinsa ya koma ruwan ƙasa.
Lawandi na juya shi da biro
kamar mai dama kunun majinyaci.
Sai muryar ta taso a dushe, tana jan ƙafa:
"Kubanni, kin tafi da takalmina,
ki bar mini..."
Daga nan sai ƙaras, kamar an taka busasshen ganye.
Rikoda ce ta cije zaren, in ji Lawandi,
kalma guda ta faɗa rijiya.
Mu kuwa duk mako kowa da gugansa.

Hajiya Tasalla, da ta yi nas a Shika,
ta ce "sawuna" ya ce, ba ta ja da kowa.
Ta buɗe tsohon littafin awo, baiti bakwai,
kan sawun maigidanta a lakar ƙofar gida
ranar da ya fita bai komo da ƙafarsa ba,
da yadda ta kifa kwanon sha a kai
har damina ta ɗauke.
Ba wanda ya tafa.
Butar mai shayi ta tafasa ta kashe garwashi.

Sambo mai ɗinkin hannu, daga Kwarbai,
ya ce a'a, "sunana" ne.
A bayan kwalin zare ya rubuta tasa:
wata huɗu yana kan aska takwas,
riga ta tafi, tana shiga manyan taruka,
ana tambayar mai ita nawa ya saya,
ba a tambayar wa ya tsiyaye ido.

Ɗanlami makanike na Kwangila, da baƙin mai a farce,
ya rantse "na mota" ya ji.
Baiti uku, duk a kan bashi.
Muka yi dariya har benci ya yi ƙara.

Daren nan ne Zulai, mai karatun lauya a Kongo,
ta kawo shaida a bayan babur:
Baba Nomau, ɗan amshin Mantau na ƙarshe,
ido ya tafi, kunne na nan.
Sau uku aka mayar masa da wurin.
A na uku ya kece da dariya har hula ta faɗi.

"Rikoda ba ta ci komai ba, 'ya'yan nan.
Goro ne ya sarƙe shi, tari ya yi.
Batir na ƙarewa, mai ɗauka ya ƙi tsayawa."

To me ya so ya ce, Baba?

"Na tambaye shi a hanya, wajen Ƙofar Doka.
Ya ce wallahi ya manta."

Shiru.
Shekara shida muna ɗebo ruwa daga tari.
Na dubi takardata, na ninke ta huɗu.
Sambo na sosa ƙeya da allura.

Baba Nomau ya lalubi hularsa ya kaɗe.
"Ina mai kwanon nan da Zulai ta ba ni labari?
Karanta mini."

Ta karanta, muryarta na rawa a baiti na biyar.
Tsoho ya daɗe yana murza gemu.
"Da yana raye da ya sace wannan,
ya ce tun farko shi yake nufi."

Tasalla ta rufe littafi, ta gyara mayafi.
"Ai na gaya muku," ta ce.
Lawandi ya ɗauki biro.
Mai shayi ya tafi roƙon wuta a maƙwabta.