Babu Inda Za Ni

Likita ya ce jinina ya hau,
in rage gishiri, in motsa ƙafa.
Na ce to. Na dawo gida na shiga zaure,
na sauko da keken Baba daga inda yake rataye
shekara goma sha ɗaya, yana ta yi masa riga.
Mati mai faci ya zuba wa kaca baƙin mai,
ya ɗalli taya da yatsa, ya kasa kunne,
ya ce: zai kai ka.
Bai tambaye ni ina ba.

Kwaltar Kazaure ta masu sauri ce,
tirela na huci, ɗan acaɓa na yanke,
na bar musu kayansu.
Bayan firamare akwai wani lungu,
daga shi sai burji, ja wur kamar an shanya barkono.
Nan tsakuwa ta fara hira da taya,
ƙaras, ƙaras, kamar yaro na taunar aya.

Ba hon, ba hayaƙi.
Sai numfashina, sai kukan fedar hagu
wadda tun zamanin Baba take da ƙorafi.
Dawa ta sunkuyar da kai dama da hauni,
balbela na bin sawun shanu a burtali,
dutse ya tsuguna can gefe
kamar dattijon da ya gama faɗin tasa.

A gindin kanya wata tsohuwa ta tare ni:
Malam, ina zuwa?
Na ce babu inda za ni, Iya.
Ta dube ni, ta dubi keke, ta dubi furfurata,
ta ce: mai furfura ba ya tafiyar banza.
Ungo, kai wa Ladidi daddawar nan,
gida na uku in ka haye kwari, mai darbejiya a ƙofa.

Ladidi ta ƙulle mini kuɗin adashi a leda.
Uwar adashi ta ce tunda ta bakin dam zan bi,
in gaya wa Ilu mai su an ga akuyarsa.

Gargada ta kaɗa mini haƙora.
A kwari rairayi ya riƙe taya, na sauka na tura,
gumi na shiga ido, gwiwa na zagina.
Amma da na kai ƙoƙuwar tudu
ga ruwa can ƙasa shimfiɗe kamar faranti,
na saki feda, na saki birki,
iska ta cika mini riga,
na ji kaina ina dariya ni kaɗai,
har makwarwa ta tashi fir daga cikin gyaɗa.

Ban sami Ilu ba, sai mahaifinsa,
makaho, yana gyaran koma da yatsu.
Na kaɗa ƙararrawa don sallama.
Hannunsa ya tsaya.
Ya ce: sake kaɗawa.
Na sake.
Ya ce: wannan ta Tanimu mai gishiri ce.
Duk Laraba sai mun ji ta tun daga kukar can,
buhu biyu a kariya, ga kanwa a jaka.
Har yau yana bina kwano ɗaya.
Na ce ya rasu, Baba. Ni ɗansa ne.
Ya yi shiru. Ya ce: Allah ya jiƙansa.
Sannan ya sa aka ɗaure mini busasshen kifi a kariya.

A hanyar dawowa tsidau ya ci tayar baya.
Na tako da ƙafa, ina janye da keke kamar tunkiya,
har aka kira magariba ban ga fitilar gari ba.

Jiya likita ya ɗaura mini awo a hannu,
ya ce kilomita nawa kake yi?
Na ce ban ƙirga ba.
Na dai san ranar Asabar Iya na jirana a gindin kanya,
kuma akuyar Ilu ta sake ɓata.