Fankar da Ta Ƙi Barci

Doña Eulogia ta kira ni da sassafe
daga ƙolin tudun Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙa teku.
"Nibaldo, zo da jakarka.
Na ce mata ta mutu, ta ce to,
ta rufe ido, amma tana numfashi."

Na hau tsohon taragon nan mai rarrafe,
igiya na jan sa sama yana kuka,
sukudireba na sukar cinyata.

Ga ta ƙarƙashin tebur, baƙa, mai nauyi,
shekara tara tana riƙe da lissafin kifi:
wa ya ɗauki kwando, wa ya biya, wa ya ce gobe.
Na danna kashewa. Allo ya yi sallama,
ya yi duhu ɗif.
Amma fanka na ta juyi abinta,
'yar fitila koriya shar
ta kafe ni da ido kamar mage a lungu.

Na fara da na kusa.
Na zare firinta, na zare linzami,
na cire madannai, na cire wayar intanet,
ko wani ne daga nesa ke taɓa ta
yana cewa tashi.
Na kunna, na kashe.
Fuuu, in ji fanka.

Na kutsa cikin saiti.
Akwai wani wayo wai shi saurin tashi,
inda na'ura ke kwanciya da takalmi a ƙafa;
na tuɓe mata takalmin.
Na leƙa shuɗin shafin can na ƙasa
wanda ke farkawa kafin kowa,
na mai da komai yadda aka haife shi.
Fuuu.

Ta kawo shayi da burodi an shafe shi da fiya.
"Wata uku ban runtsa ba," ta ce.
"Da fizge ta nake yi daga bango,
ɗana Baltasar ya ce haka ake tsinka mata hanji."

To, sai tiyata.
Noti huɗu, murfi ya faɗo.
Ƙura, gashin mage, ɓawon kifi guda ɗaya
da ban san ta inda ya shiga ba.
Iskar gishiri ta lashe ƙarfe ya yi ja.
Maɓalli lafiya lau.
Ɗan batirin nan mai kama da kwabo
na sake shi don kawar da zargi.
Sai hancina ya riga idona:
ƙauri daga akwatin wuta,
'yan gwangwanaye biyu sun kumbura suntum.
Ashe mai gadi ne aka ce ya rufe ƙofa,
ya ji sarai,
hannunsa ne ya sage.

Na zaro wani daga jaka, na ɗaura, na danna.
Fanka ta yi juyi uku,
biyu,
rabi.
Fitila ta lumshe.

Sai ɗakin ya cika da abin da ke nan tun da:
gurnanin firji,
jirgin ruwa na kuwwa can tasha,
karnukan tudu na gardama.
Ta ɗora tafinta kan akwatin, ya yi sanyi.
Na faɗi kuɗina.
Ta duba jaka, ta dube ni, ta ce gobe.

Bayan kwana huɗu, ƙarfe biyun dare,
wayata ta yi ƙara.
"Ta mutu murus, hannunka na da kyau.
Ni ce dai idona biyu.
Ashe ba fankar ba ce, Nibaldo,
sunayen da ke cikinta ne,
mutum goma sha bakwai masu gobe.
Kana da sukudirebar wannan?"

Na ce babu.
Na ajiye waya, na juya, na sake juyawa.
Littafina na buɗe kan tebur,
sunanta ne layin ƙarshe.
Na kashe fitila, na rufe ido,
wani abu a kaina na ta fuuu.