Ƙaramar Wuta

Shekara talatin da huɗu na yi a bakin tekun Gdansk
ina ɗinke cikin jiragen ruwa,
ƙarfe mai kaurin tafin hannu,
wutar da in ta yi gurnani sai haƙora su amsa.
Yau ga ni a shagon Halszka, hula a hannu,
ina neman injin walda da bai fi akwatin takalmi ba.

Motar Otylia ce.
Tun da ta rasu motar ke kwance a gareji.
Gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara
ya ci gindin ƙofofinta, cin gara.
Jikata Jagna ta ce ita za ta tuƙa ta.
Na ce to.

Da tsohon injina mai sanda na fara.
Taɓawa ɗaya, rami.
Ta biyu, ramin ya samu ƙane.
Jikin mota ba jikin jirgi ba ne,
bai fi murfin gwangwanin kifi kauri ba,
ni kuwa hannuna bai taɓa koyon lallashi ba.

Uku ta jera mini a kan kanta.
Idona ya tafi kan ja, mai faɗin ƙirji.
Ta ce, "Ludomir,
kar ka tambayi inda zai iya hawa,
tambayi inda zai iya sauka.
Kuma wayar garejinku ta girme ni.
Ka kunna wannan, fis ya tashi,
firjin maƙwabcinka ya mutu da kifinsa a ciki."

Na biyun araha ne, ba ruwansa da tukunyar gas.
Muka gwada shi a bayan shago:
hayaƙi, tartsatsi, ƙuraje ko'ina,
aikin minti ɗaya, gugar yini guda.
Arha ba ta ado.

Na ukun shuɗi ne, ba ya cika ido.
Wayarsa siririya kamar gashin wutsiyar doki,
tukunyar gas a gefe,
maɓallin da ke juyawa ƙasa, ƙasa,
har wutar ta koma raɗa.
Na ƙirga kuɗin fansho sau biyu a zuci.
Na tambayi ko ana samun bakinsa in ya ƙone.
Ta buɗe aljihun tebur, cike.
Na ɗauke shi da hannu ɗaya, har na ji kunya.

Asabar, sanyi, ƙofar mota a kan benci.
Ɗigo, ka dakata.
Ka tsallaka can, ɗigo, ka dakata,
don in ƙarfen ya sha zafi sai ya karkace,
ba kuma zai yafe ba.
Na sani. Na faɗa wa kaina.
Amma yatsana ya saba da dogon layi,
ya ƙi sakin kunamar da wuri.
Rami.

Jagna ba ta ce komai ba.
Ta ja hular waldar, ta yi mata yawa,
ta cusa tsumma a ƙeya.
Ɗigo. Ta ƙirga uku.
Ɗigo.
Sautin kamar ƙwai a cikin mai.
Da ta ɗaga, sai ga su a jere,
ƙanana, kamar ɗinkin kakarta a bakin labule.

Yanzu ni ke riƙe fitila.
In ta ce matso, in matso.