Shafi Na Goma Sha Tara

Da Anselmo ya rasu ya bar mini agogonsa,
da wata 'yar takarda a aljihun kwat:
"Eulalia, yuro dubu huɗun nan ba namu ba ne.
Ki kai wa masu yunwa. Ke kika iya lissafi."

Shekara talatin da ɗaya ina akawu
a kamfanin kifin gwangwani, nan Matosinhos, bakin teku.
Na san yadda lamba kan yi murmushi tana ƙarya.

Wasiƙu kuwa kamar sun ji ƙanshin makoki.
Kowacce da hoton yaro, ido ya faɗa,
kowacce da gurbin sa hannu.
Na jera su a teburin kicin, na dafe goshi.
Ban ce yaran ƙarya ba ne.
Rijiya ta yarda ta ba da ruwa,
gugan nake tuhuma.

Na shiga jirgi zuwa Porto.
Hawa na shida, darduma mai haɗiye sawu,
wani saurayi, Telmo, turarensa ya riga shi gaisuwa.
Na ce, cikin yuro ɗari nawa ke isa tukunya?
Ya ce, Uwa, rayuka muke taɓawa.
Na ce, nawa?
Ya miƙo mujalla mai sheƙi.
Shekara biyar na karanta a tsaye,
babu asara, babu tuntuɓe, ko na rana ɗaya.
Wanda bai taɓa fasa kwano ba
ban yarda ya taɓa wanke-wanke ba.

Ba dardumar ce ta kore ni ba.
Ma'aikaci ma yana da ciki, haya ba ta san sadaka ba.
Tambaya na yi, aka ba ni turare.

Na ga ƙarama ma, a lungun bayan coci.
Mutumin ya ce littafin yana gida, in dawo Talata.
Talata ta zo, littafin ya yi tafiya.
Ashe tsumma ma yakan ɓoye wuƙa.

Sai wata safiya mai yayyafi
na bi ƙanshin albasa har bayan kasuwar kifi.
Mutane arba'in a layi, matuƙa jirgin da teku ya sallama,
da wata yarinya riƙe da kwanon kakarta.
Mai ludayin, Graciete, ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, yana kan firji, ki kula da maiƙo.

Littafi ne mai kunnen kare, ya sha miya.
Dankali, gas, sabulu, kuɗin mai shara,
albashinta a fili, ba a lulluɓe ba.
Na kai shafi na goma sha tara:
"Firji ya mutu daren Asabar.
Kifi kilo sittin ya ruɓe.
Tun Alhamis na ji yana nishi, ban kira mai gyara ba.
Laifina ne." Da sa hannunta.

Na zauna a kan buhun dankali.
Na daɗe ban ga asara ta tsaya da sunanta ba.

Ban ba ta duka ba, ni ba mai cinikin biri a sama ba ce.
Rabi na ajiye, na ce saura sai na ga bazara.
Ta ce, to, riƙe wannan, ta danƙa mini biro.

Yanzu kowane ƙarshen wata ina nan da tabarau.
Jiya na kama kuskuren yuro goma sha biyu,
ita ta cuci kanta.
Muka yi gardama har miya ta kusa kamu.

Anselmo, agogonka yana latti da minti huɗu.
Na rubuta shi ma.