Lambar da Na Haddace

Shekara goma sha tara ina ɗinkin takalma
a kwanar da titi ke gangarawa kasuwar San Camilo.
Dutsen Misti na bayana, kansa fari kamar nawa,
ba ya magana. Dā ni ma haka nake.

Mai gyaran takalmi ƙasa yake kallo,
shi ya sa na san tayoyi kafin fuskoki:
wadda ta suɗe kamar tafin hannu,
wadda ke kuka in an taka birki,
da wadda ba ta taɓa jin labarin birki ba.

Ran da kombi ta kwashe Zoila mai furanni,
takalminta ɗaya ya faɗo gaban teburina.
Ni na sa masa dunduniya ran Talata,
ta ce kuɗin sai Asabar.
Mutum arba'in suka ga motar.
Da 'yan sanda suka iso, arba'in ɗin nan
duk makafi ne, har da ni.

Zoila ta tashi bayan wata biyar.
Yanzu takalmi ɗaya take kawo mini,
tana kuma nacewa sai ta biya kuɗin biyu.

Na sayi littafi mai shuɗin bango,
na ɗaure fensir da zaren ɗinki.
Wanda ya keta jar fitila, in rubuta.
Mai waya a kunne, gwiwa a sitiyari, in rubuta.
Mai warin giya tun hantsi bai dubi ludayi ba,
shi har layi nake ja masa a ƙasa.
Duk Juma'a in kai wa Saja Yolanda Ccama,
ta gyara tabarau, ta bi da yatsa.
Wani mako ta ce, "Don Teófilo, ina shaida?"
Wani mako takardar tara ta fita,
in ga mai ita ya wuce a hankali
kamar wanda ya ɗauko ƙwai a kwando.

Direbobi suka raɗa mini Kunnen Hukuma.
Ɗaya ya watsa mini ruwan kwata da gangan.
Na shanya littafin a rana.
Fensir ne, bai zuba ba.

Sai jiya,
bakwai saura kwata, 'yan makaranta na tsallakawa,
kombi biyu suka taho suna tseren fasinja.
Jar ta hau gefen masu ƙafa,
ta kifar da tiren lemo,
ta shafi jakar wata yarinya, jakar kawai.
Yarinyar ta tsaya, ko kuka ta kasa.

Ban ɗaga kai ba. Na san tayar.
Lambar kuwa na haddace ta tun tana sabuwa:
Wílmer ne, ɗan ƙanwata,
mai kawo mini maganin hawan jini duk wata,
wanda bashin mota ya shaƙe wa wuya,
sai ya tara na mai ita kafin ya ga na miya.
Ni na ɗinka takalmin da ya fara zuwa makaranta.

Fensir ya yi nauyin guduma.
Zuciya ta ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Sana'a ta ce, ƙusar da ta ɓullo cikin takalmi,
in ka ƙyale ta don tausayin takalmin,
ƙafa ce za ta biya.

Na rubuta. Baƙi shida.
Rubutun ya karkace, amma ana karantawa.

Yau Juma'a.
Kafin ofishin Saja zan biya ta gidan ƙanwata,
in faɗa masa ido da ido, kada ya ji a bakin takarda.
Rabin tarar na cikin gwangwanin ƙusoshina,
in ya karɓa, to. In ya zage ni, to.
Watakila watan gobe in je kantin magani da ƙafata.

Ga Zoila can tafe, sanda na ƙwanƙwasa kwalta,
da takalminta a leda.
Bari in gama nata tukuna.